Saiwar Wake da Rabon Gandunmu

Na san labarin da 'yan'uwanku na Tsarnawa suka ba ku, domin ni ma an ba ni shi. Wata tsohuwa ce da ba ta gane ni ba, muna zaune gwiwa da gwiwa a motar Illela, ta kwashe mini shi tun daga tasha: wai akwai wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da ya ɗebi ƙasar gonar ubansa cikin kwalabe ya sayar wa Nasara, albarka ta bi kwalaben, gandu ya tsage biyu. Ta iya ba da labari ƙwarai. Har na ƙagara in ji yadda mutumin ya ƙare, sai ta sauka a hanya. To, ga gyaran da zan yi mata, tun da ku ne za ku gaji labarin. Babu Nasara a ciki, ba a sayar da komi ba, kuma abin da aka ɗiba galibinsa saiwar wake ce. Amma gandu ya tsage, wannan gaskiya ne, kuma daga bakina maganar ta fito.

Bayan rasuwar kakanku, wana Arzika ne ya riƙe gandun. Rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, Inna na zaune tsakar gida tana lura da wanda aka cika wa akushi da wanda aka rage wa. Ku da uwarku kuna can cikin gidan, ni ina Kwanni ina koyar da ilimin halittu a kwaleji, sai Asabar in hau keke in zo in yi abin da Yaya Arzika yake kira noman mushe, wato in karce bayan ƙasa ina duba agogo. Duk da haka ko da wasa bai taɓa auna mini hatsi da yawan gumina ba. A gandu ba a yin wannan lissafi. Kuma akwai kalmar da ba a faɗa, ita ce "rabona". Wanda ya faɗe ta ya kira liman da dattawa ke nan, ko ya nufa ko bai nufa ba. Baba ya bar mana wata al'ada kuma: in an tashi daga aiki, kowa zai tsaya a bakin gona ya kakkaɓe hauyarsa da ƙafafunsa, domin ƙasar gandu ba ta kwana a waje. Ba shi kaɗai ke da wannan tsoro ba. Duk mutumin ƙasarmu ya san wanda ya duƙa ya ɗebi ƙasar gonar wani, ko ta sawunsa, ba gini zai yi da ita ba.

Game da ƙananan halittun da ido ba ya gani, na shekara da shekaru ina koyar da su da muryar wanda ya san su. Madubin ƙara girma ɗaya gare mu a lakwal, yana kulle a buro, wato ofishin darakta, kamar amarya, in an fito da shi yara su bi layi kowa ya leƙa ya ce ya gani, ko da gashin idonsa ya gani. Ina zana musu a allo cewa bakteriya iri uku ne: masu kama da ƙwallo, masu kama da sanda, da masu murɗewa. Kamar dai a ce maka mutanen duniya uku ne, dogo da gajere da mai ƙusumbi, ka rubuta ka ci jarrabawa. Hausa ma ba ta taimake ni ba, don duk ta haɗa su ta kira su ƙwayoyin cuta, alhali mafi yawansu ba su san da zamanmu ba balle su cuce mu.

Cikin farkon shekarun casa'in, damina ta kusa ɗaukewa, sai ga Isufu a ƙofar ajina. Ba'adare ne ɗan Illela, benci ɗaya muka zauna muna yara, ni na tsaya da alli shi ya wuce har ya zama mai bincike a wani ɗakin gwaje-gwaje a Dakar. Ya rame, ya yi sanƙo, yana riƙe da tushen wake da ƙasa a jikinsa kamar wanda akuya ta aika. Da aka tashi yara ya nuna mini 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwa, waɗanda manoma ke kira kurajen wake. Ya fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja kamar nama. Wannan na san shi a littafi: bakteriya ne ke zaune ciki, suna ɗebo abinci daga iska suna ba waken, shi kuma yana ciyar da su. Abin da ban sani ba shi ne yanzu ana iya tambayarsu ko su 'ya'yan wane gida ne.

Ya ciro wani baƙin faifai irin na hoton ƙashi na asibiti ya manna shi a taga, rana ta ratsa shi. Layuka huɗu ne a tsaye, kowanne da 'yan ƙananan zane kamar matakan tsani. Ya ce a cikin kowace halitta akwai rubutu da ake kira ADN, baƙaƙensa huɗu ne kacal, kuma akwai wani shafi a cikinsa da duk mai rai yake ɗauke da shi, daga ni har waken har abin da ke cikin kurjin. Sukan fasa ƙwayar su fitar da rubutun, abu ne fari mai yauƙi kamar na kuɓewa. Sai wata na'ura ta yi ta ɗumama shi tana hucar da shi, kowane zagaye shafin nan ya ninku, har ya yi yawan da za a iya karantawa. Na ce to in shafin ɗaya ne ga kowa, da me ake rarrabewa? Ya dube ni kamar na ba shi kunya.

"Kai da kake gyaran takardun yara, yaya kake kama wanda ya kwafa?"

"Da kuskure," na ce. "In amsar daidai ce, kowa na iya samunta. In kuskurensu ya zo ɗaya, to ɗaya ya leƙa na ɗaya."

"To shi ke nan. Tun farkon halitta ake kwafar shafin nan daga uwa zuwa ɗiya, kuma lokaci lokaci baƙi ɗaya na sauyawa. Masu sauyi iri ɗaya gidansu ɗaya."

Na zauna a bencin yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, ina kallon tagar. Isufu bai bar ni na huta ba. Ya ce tafkin nan na hanyar Malbaza da muke wanka muna yara, inda in ka taka laka kumfa ke tasowa, abin da ke yin kumfar ba bakteriya ba ne, ko da yake a madubi ba za ka raba su ba. Da aka karanta shafinsu sai aka ga wata al'umma ce dabam, ana ce musu arkiya, suna cikin laka, suna cikin tumbin saniya, kuma nisan da ke tsakaninsu da bakteriya ya fi wanda ke tsakanina da zangarniyar gero. Wato kashi ɗaya cikin manyan rassan rai yana kwance a bayan garinmu, muna taka shi da ƙafa, kuma ba ya cikin littafin da gwamnati ta ba ni in koyar. Na yi tasbihi a masallaci sau da yawa don lokacinsa ya yi. Ranar nan tasbihin ne ya zo da kansa, a cikin aji mai warin alli.

Abin da ya kawo Isufu, yana neman tsohuwar gona da ba a taɓa zuba wa takin zamani ba, mai tsohon gawo, domin gawo ma yana da irin waɗannan baƙi a saiwarsa. Ya samo daga Alela, ya samo daga Illela. Kafin ya rufe baki na ga gawon Baba a idona, wanda ke tsakiyar gandunmu, wanda mutum biyu ba sa rungume shi. Na ce masa ya zo Asabar. A raina abin bai fi aron tsani ba.

Yaya Arzika ya karɓi baƙo da mutunci, aka dama fura, aka yi gaisuwa har ta gaji. Sai da ya ga 'yan kwalaben, kowace da rubutu a jikinta da auduga a ciki, fuskarsa ta rufe. Ya tambayi inda za a kai su, aka ce Dakar. Ya tambaya ko za a dawo da su, aka ce a'a. Na shiga bayani irin na aji, da iska da abinci da baƙaƙe huɗu, yana saurare yana murza igiya a cinyarsa. Shi abin da ya gani a fili yake: baƙo, kwalba, rubutu, ƙasar gona, tafiya mai nisa. Duk wani boka da aka taɓa ba shi labari da waɗannan kayan yake aiki. Ya ba Isufu haƙuri cikin ladabi, ya ce ya ɗauki wake buhu guda in yana so, ya ɗauki harawa, amma abin da ke ƙarƙashin ƙasa a bar shi inda Allah ya aje shi. Da Isufu ya fita zaure, muka rage ni da shi da Inna.

"Idi, ƙasar gandu ba ta hita. Baba bai hid da ita ba, ni ba ni hid da ita."

"Yaya, cikin cokali ne. Abin da ke maƙale a ƙafar jakinka ya fi shi."

"Jakina gida shika kwana."

Na dubi Inna. Ba ta taɓa kiran sunan Arzika ba, don ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan". Ta ce mini wancan ya faɗi magana, in bar ta ta kwana. Na san shawara ce mai kyau. Na kuma san Isufu zai wuce da safe, ruwa zai ɗauke, saiwar za ta bushe a ƙasa, ni kuma in koma in ci gaba da zana ƙwallo da sanda har in yi ritaya. Kada ku ce fushi ne ya kwashe ni, don ban yi fushi ba. Na auna kalmar a bakina kafin in sake ta, na san nauyinta kamar yadda na san nauyin kekena.

"To a bar shi ya ɗiba a rabona."

Igiyar ta tsaya a cinyarsa. Inna ta jawo mayafinta ta rufe baki.

"Rabonka," in ji shi. "Na jiya. Sai a hid da ma shi."

Isufu ya so ya fasa da ya ji abin da ya faru, ya ce akwai gawo a ko'ina. Na ce masa bakin alƙalami ya riga ya bushe, ya jinkirta tafiyarsa kawai. Liman da dattawa suka taka gonar ranar Jumma'a bayan an sauko, amfani yana tsaye, abin da ba a saba yi ba. Aka ja iyaka, aka ce in an yi girbi a dasa gamba a kanta. Kowa ya zaci Yaya zai riƙe gefen gawo, domin nan gero ya fi yin kai. Sai ya nuna shi da sanda ba tare da ya dube ni ba, ya ce a ba mushe, tun da shi ya fi so. Na sha jin zagi a rayuwata, ban taɓa jin wanda ya kai wannan kyautar zafi ba. Washegari muka tona. Isufu yana tsinke kurajen ɗaya ɗaya yana sa su a kwalba bisa wata farar tsakuwa mai shanye danshi, yana cewa in sun bushe da kyau rubutunsu ba ya gogewa ko an daɗe. Duk abin da muka ɗiba bai cika aljihun rigarsa ba.

Sauran kun gan shi da idonku, ko da yake kuna ƙanana. Zanan da aka kafa tsakar gida, murhu na biyu, uwarku tana kuka a kan tukunyar da ta yi mata ƙanƙanta. Inna ta ƙi zaɓen gefe, ta sa aka bar mata kafa a jikin zanan, tana cin rana nan, dare can, kamar mai biyan bashin azumi. Damina ta gaba ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, ya fito a gefen Yaya, kuma duk Tsarnawa ta san dalili. Cewa ya fito a gonakin mutanen da ba su taɓa ganin Isufu ba, wannan bai shiga labarin ba. Ni da Yaya muna gaisawa, gaisuwa cikakkiya, da gajiya da iyali da sanyi, irin wadda ake yi wa surukin da ba a so.

Sai da damina biyu suka wuce Isufu ya dawo. Ya shimfiɗa mini hotuna a teburin aji, da wani zane mai rassa kamar itace. Ya ce sun raini abin da ke cikin kurajen a faranti, masu jinkirin girma ne, sai ka fid da rai sannan su fito kamar ɗigon madara. Na Alela da na Illela sun zauna a rassan da aka sani, wasu ma danginsu na kusa suna gonakin Sanagal, wasu a ƙasashen da ba a taɓa jin sunan Tsarnawa ba. Yawancin namu ma haka. Amma wasu daga gindin gawon Baba sun fita reshe su kaɗai, shafinsu bai yi daidai da na kowa ba cikin duk waɗanda aka karanta zuwa lokacin. Mutum ne mai tsoron cika baki. Ya ce ko dai sabon iri ne, ko kuma danginsu suna wani wuri ba a kai ga karanta su ba, domin abin da aka karanta bai kai loma ɗaya cikin akushi ba. Ba su da suna, sai lamba a jikin kwalba cikin firigo, wato firji. Na tambaye shi tun yaushe reshen ya rabu da sauran. Ya ce ba zai ba ni shekara ba, amma in daina tunanin kakanni, in fara tunanin lokacin da babu wanda ya taɓa shuka komi.

Na ɗauki hoton na tafi Tsarnawa, na zaga ta ƙofar Yaya na yi sallama kamar baƙo. Yana sussukar wake. Ban yi masa lacca ba wannan karon, shekaru biyu sun koya mini wani abu. Na ce ga abin da aka gani a gonar Baba. Ya goge hannu ya riƙe hoton ta gefe, ya daɗe yana bin rassan da ido. Ya tambaya ko cuta ce, na ce a'a, su ke ciyar da waken, waken na ciyar da su. Ya tambaya ko Baba ne ya kawo su, na ce Baba ya tarar da su, wanda ya sari dajin ma ya tarar da su. Ya tambaya ko da aka ɗiba sun ƙare, na ce cikin cokali ɗaya na ƙasar nan akwai halittu fiye da mutanen da ya taɓa gani. Sai ya sake duban hoton ya ce:

"Kuma duk duniya ba a san su ba sai nan?"

"Ba a gan su ba tukuna sai nan."

"Allah mai iko," ya ce a hankali. "Muna bisa su muna faɗa."

Ya miƙo mini hoton ya koma sussukarsa. Bai ce a cire zana ba, ban ce ba. Gandu in ya rabu ya rabu, liman ya shafa fatiha, 'ya'yan Yaya sun riga sun san iyakarsu, ku ma kun san taku.

Da kaka ta zagayo, wata ranar kasuwar Kwanni ina cikin aji, aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga amalankensa a bakin lakwal, shi kuma yana tsaye nesa da tuta kamar mai jiran shari'a. Bai taɓa taka harabar nan ba. Ya ciro ƙunshi daga cikin riga, tsumma ne fari, ya kwance. Saiwar wake ce, da kurajenta, da ƙasa a jikinta. Da hannunsa ya tono ta a gefensa na gonar, ya ɗora ta a amalanke, ya fito da ita daga Tsarnawa.

"A tambaya mini ko su na, irin na gindin gawo," ya ce. "Ko gamba ta raba su."

A lokacin aikin su Isufu ya riga ya tsaya, shi kansa ya bar Dakar, ban ma san inda zan aika masa gaisuwa ba. Na yi tunanin in karɓa in ce to. Sai na gaya masa gaskiya, cewa mai karatun ya tafi, kuma duk ƙasar nan ban san mai na'urar ba. Ya dubi saiwar, ya dube ni. Ya tambaya ko rubutun yana lalacewa in an ajiye, na ce an gaya mini in ya bushe da kyau yana daɗewa.

"To aje. Wanda ya iya karatun shina tahowa."

Na sallami yara kafin lokaci, abin da ban taɓa yi ba. Muka tafi ɗakina na haya, na aika aka sayo tuwo. Mai tuwon ta zubo a kwano biyu. Yaya Arzika ya dubi kwanonin, ya ɗauki ɗaya ya juye a cikin ɗayan, ya wanke hannu ya ce bismillah.